Shekarar da fam ya koma takarda

Kwana kaɗan bayan ƙaramar sallar da ta faɗo a farkon Janairun 1968, ina ɗan shekara goma sha uku, na ga babana ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya jawo adakarsa tsakar gida ya zazzage ta a gaban mata da yara, shi da ko uwata ba ta san inda yake ajiye kuɗi ba. Fatauci yake yi tsakanin Birnin Ƙonni da Sakkwato, ya kai fatu da albasa, ya dawo da goro da atamfa, don haka fiye da rabin dukiyarsa a fam ɗin Najeriya take, ba a sefa ba. Ya shimfiɗa tabarma, ya kwance tsummokaran da ya ɗaure kuɗin da su, yana ƙirga yana lasar yatsa, hunturu na ɗaga gefen tabarmar, ni kuma ina danne takardun da duwatsu don kada iska ta kwashe. Rediyon Kaduna ne ya kawo labarin. Gwamnatin soja ta Legas ta buga sababbin takardun kuɗi, canji ya fara ranar 3 ga wata, ranar 22 kuwa tsohon fam ya mutu.

"Kwana sha tara," ya ce da ƙanensa. "Mu da ba mu da banki, wanga kwana sha tara ina zai kai mu?"

Washegari ya hau motar lodi daga Illela ta Najeriya, ta Gwadabawa, zuwa Sakkwato. Kwana biyar ya yi. Ya ce layin ya zagaye banki har ya shiga lungu, mutane na kwana a kan buhunansu. Da ya kai gaba aka tambaye shi daga ina, ina takardar harajinsa. Shi kuwa mutumin ƙasar Faransa ne a takarda, kamar yadda ake ce mana a can har bayan samun 'yanci. Kaɗan aka karɓa. Sauran ya sayar wa 'yan canji na bayan kasuwa yadda suka ga dama. Ya dawo gida da abin da bai kai kashi biyu cikin uku na kuɗinsa ba, bai kuma ƙara tayar da maganar ba.

Sai da na girma, ina koyarwa a lakwal a Malbaza, na gane abin da ya same mu. 'Yan Biyafara, masu yaƙin ɓallewa daga Najeriya, sun kwashe takardun fam masu yawa daga rassan Babban Bankin Najeriya na Inugu da Fatakwal da Binin, suna sayar da su a ƙasashen waje suna sayen makamai. Gwamnatin Yakubu Gowon ta ga hanya mafi sauƙi ita ce ta kashe kuɗin gaba ɗaya. Obafemi Awolowo ne kwamishinan kuɗi, Clement Isong ne gwamnan Babban Banki. An shirya abin a asirce, ya kuma yi aiki, don kafin ƙarshen watan sai da Biyafara ta buga nata kuɗin, wanda ba ya sayen ko harsashi ɗaya a waje. Ta fuskar yaƙi dabara ce mai kyau. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba majalisar da ta tattauna, ba wakilin da ya miƙe ya ce a tuna da mutanen ƙauye da na bakin iyaka, ba kotun da babana ko wani irinsa zai kai kuka. Mutane ƙalilan suka zauna a ɗaki, hukuncinsu ya iso har tabarmarmu. Tun daga nan nake bin diddigin yadda ake gina irin wannan gwamnati, wadda yaƙin basasa ke haifa.

Tushenta ya riga yaƙin. Ranar 15 ga Janairun 1966 wasu ƙananan hafsoshi suka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu manya, mulki ya faɗa hannun Janar Aguiyi-Ironsi. Aikinsa na farko doka ce ta 'yan shafuka, Dokar Soja ta 1 ta 1966, wadda ta jingine sassan tsarin mulki, ta rufe majalisun dokoki, ta ce daga yau abin da shugaban soja ya sa wa hannu shi ne doka, kuma ba kotun da za ta binciki ingancinsa. Duk abin da ya biyo baya a kan wannan tubali aka aza shi. A zaman lafiya mai yin doka daban, mai zartarwa daban, mai shari'a daban, kowa na taka wa wani birki. Wannan doka ta haɗa biyun farko a hannu ɗaya, ta ɗaure na ukun. A watan Mayu aka haramta jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙabilu, aka kuma fitar da Doka ta 34 wadda ta rushe yankuna ta mai da ƙasar dunƙulalliya. Arewa ta ɗauki wannan a matsayin shirin danne ta. Rikici ya ɓarke, sannan ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin, aka kashe Ironsi a Ibadan.

A nan ake ganin yadda shugaban irin wannan gwamnati ke fitowa. Ba zaɓe, kuma ba girman muƙami. Birgediya Ogundipe ya fi kowa girma cikin waɗanda suka rage, amma sojojin da ke riƙe da bindiga a Legas suka ƙi bin umarninsa. Wanda suka yarda da shi shi ne Laftanar Kanar Gowon, ɗan shekara 31, Kirista, ɗan ƙabilar Angas da ya tashi a Wusasa ta Zariya. Ɗan Arewa ne amma ba Bahaushe ko Bafillace ba, don haka sojojin ƙananan ƙabilu, waɗanda su ne da yawa cikin masu ɗaukar bindiga, suka gan shi nasu, Turawan Ingila da Amurka ma suka ga za a iya zama da shi. Odumegwu Ojukwu, gwamnan Gabas, wanda aka haifa a Zungeru kuma ya riƙe bataliya ta biyar a Kano, ya ce shi bai san wannan shugabanci ba.

Dole in faɗi abin da ya faru a Satumba da Oktoban wannan shekara, don wanda ya tsallake shi bai faɗi gaskiya ba. An kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, maƙwabta da abokan ciniki, fiye da miliyan guda suka gudu Gabas. Wasu ta nan suka ƙetaro. Na tuna wani tela da matarsa da 'ya'ya uku da suka kwana biyu a zauren maƙwabcinmu, matar ba ta cewa komai, tana riƙe da kan keken ɗinki a cinya kamar jariri. Gowon da Ojukwu da sauran shugabannin soja sun zauna neman sulhu a Aburi ta ƙasar Gana ranakun 4 da 5 ga Janairun 1967, aka tashi kowa da fassararsa.

Ranar 27 ga Mayun 1967 Gowon ya yi abu biyu a jawabi guda. Ya kafa dokar ta-ɓaci ya karɓi cikakken iko, ya kuma yanka ƙasar jiha goma sha biyu. Yau muna ganin jihohi kamar tun fil azal suke, amma makamin yaƙi ne aka ƙera a gaggauce. An raba Gabas uku, aka ba ƙananan ƙabilunta jihar Ribas da ta Kudu maso Gabas, inda man fetur da bakin teku suke, aka bar Ibo a tsakiya ba mafita. An raba Arewa shida, don Yarbawa da sauran 'yan Kudu su daina tsoron ƙaton da ya fi su duka. Bayan kwana uku Ojukwu ya yi shelar Biyafara, ranar 6 ga Yuli aka fara harbi.

Saman ginin ita ce Majalisar Ƙoli ta Soja: Gowon, shugabannin sojan ƙasa da na ruwa da na sama, Sufeto Janar na 'yan sanda Kam Selem, da gwamnonin jihohi. Hafsoshi sun yi ƙaranci, don juyin mulki biyu sun cinye da yawa, wasu kuma sun bi Ojukwu, shi ya sa aka ɗauko 'yan sanda aka ba su jihohi. Audu Bako na Kano ɗan sanda ne, Joseph Gomwalk na Binuwai da Filato ɗan sanda ne, Usman Faruk da aka ba jihar Arewa maso Yamma, wato lardunan Sakkwato da Neja, shi ma ɗan sanda ne. Gwamna a jiharsa shi ne majalisa, shi ne mai zartarwa. Ba talakawa yake wa bayani ba, Barikin Dodan, mazaunin Gowon a Legas, yake wa.

Mu da ke maƙwabtaka da Sakkwato mun ga abin da wannan ya yi wa sarauta. Kafin soja, En'e ce gwamnatin da talaka ya sani: 'yan dokanta, alƙalanta, gidan yarinta, harajinta, duk a ƙarƙashin sarki. A cikin shekarun yaƙin aka zare su ɗaya bayan ɗaya. Kotuna suka koma hannun jiha, gidajen yari da 'yan doka suka koma hannun tarayya. Abin da 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU suka yi shekaru suna shan ɗauri da duka a kansa, soja suka yi shi da sa hannu. Ban ce an yi kuskure ba, don 'yan doka sun ci zalin mutane da yawa. Sai dai ikon da aka karɓe daga fada ba a miƙa wa jama'a ba, bariki aka kai shi. Sarakunan kuma ba a yar da su ba. Ana buƙatar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da sauran sarakuna su kwantar da hankalin jama'a, hakimai da dagatai su tara haraji su kuma nuna samarin da za su shiga soja.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, gwamnatin soja ba ta iya tafiya da soja kaɗai. A watan Yunin 1967 Gowon ya kira fararen hula goma sha biyu cikin Majalisar Zartarwa ta Tarayya da sunan kwamishinoni. Dubi waɗanda ya zaɓa. Awolowo, wanda gwamnatin farar hula ta ɗaure kan laifin cin amanar ƙasa, Gowon ya fito da shi daga kurkukun Kalaba a Agustan 1966, yanzu ya ba shi kuɗin ƙasa da mataimakin shugaban majalisar, da haka ya ɗaure Yarbawa a jikin tarayya. Anthony Enahoro, shi ma daga kurkuku, ya karɓi watsa labarai. Joseph Tarka na Tibi ya karɓi sufuri. Malam Aminu Kano ya karɓi sadarwa. Kusan duk 'yan adawar jiya ne, masu jama'a a bayansu. Sun ba gwamnatin fuskar da za ta nuna wa duniya da kuma kunnen talakawa, amma ba wanda ya zaɓe su a wannan kujera, kuma wanda ya naɗa su yana iya sauke su da safe. Na daɗe ina tunanin Malam Aminu a wannan majalisa. Na yi imani ya shiga ne don ƙasar kada ta wargaje. Duk da haka, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yaƙi da ɗaurin zalunci ya zauna cikin gwamnatin da ke ɗaure mutane ba shari'a. Yaƙi haka yake matse mutanen kirki.

Ƙarƙashin kwamishinonin akwai waɗanda suka fi su sanin kan aiki, manyan sakatarorin ma'aikatu irin su Allison Ayida da Philip Asiodu da Ahmed Joda. Soja ba su san yadda ake tsara kasafi ko rubuta doka ba, 'yan majalisa kuma babu, sai alƙalami ya koma hannun ma'aikata. Su ke rubuta takardar, su ke zama bayan kwamishina a taro, wani lokaci su ke da ta cewa. Da su aka tattara dukiyar ƙasa a tsakiya. An taƙaita shigo da kaya, an sa takunkumi kan kuɗin waje, an yanki wani kaso na albashin ma'aikata a matsayin ajiyar dole, an hana yajin aiki, kuma a 1969 Dokar Man Fetur ta ce duk man da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Awolowo ya yi alfaharin cewa an yi yaƙin ba tare da cin bashin waje ba. Gaskiya ne, amma wani ya biya. Manoman koko na Yamma sun yi tawayen Agbekoya a 1968 da 1969 saboda nauyin haraji. Babana ma ya biya nasa kason, shi da ba ɗan ƙasar ba.

Sojan kuwa ya kumbura. Daga kimanin dubu goma ya kai wajen dubu 250 a ƙarshen yaƙi. An kira 'yan mazan jiya da suka yi yaƙin Bama, an kwashi 'yan dako da 'yan kamasho da manoma, horon makonni kaɗan sai fagen fama. Samari biyu daga unguwarmu suka ƙetara Sakkwato suka ce su 'yan Gwadabawa ne, aka ɗauke su, ɗaya ne ya dawo. Da farko Legas ta ce ɗan aikin 'yan sanda ne za a gama cikin makonni. Da Biyafara ta kutsa jihar Tsakiyar Yamma a Agustan 1967 har ta kai Ore a hanyar Legas, sai murya ta sauya. Aka yi runduna uku: ta ɗaya a hannun Muhammadu Shuwa, ta biyu a hannun Murtala Muhammad, ta uku a hannun Benjamin Adekunle. Ga abin mamaki a nan. Gwamnatin da ta tattara duk iko a kan farar hula ba ta iya juya kwamandojinta yadda take so. Kowanne kamar sarki yake a yankinsa, yana neman makamansa, yana ɗibar sojansa, wani lokaci yana ƙin umarnin hedikwata. Gowon ya fitar da ƙa'idar yadda soja za su bi da farar hula, amma a Oktoban 1967 sojojin runduna ta biyu suka tara maza a Asaba suka harbe ɗaruruwa, ba a kuma gurfanar da kowa ba. Sai a Mayun 1969 ya iya sauya kwamandojin, Olusegun Obasanjo ya karɓi runduna ta uku.

Baki kuma an ɗinke shi. Doka ta 24 ta 1967 ta ba shugaban 'yan sanda da na soja ikon tsare duk wanda suka ga barazana ne, ba tuhuma, ba wa'adi. Marubuci Wole Soyinka ya je Inugu ya ga Ojukwu don neman hana yaƙin, da ya dawo aka kulle shi fiye da shekara biyu, galibi shi kaɗai a kurkukun Kaduna. Shi an san da shi saboda sunansa. A ɗaya gefen kuma ana cika kunnen jama'a. Kullum da yamma mutane na zagaye rediyon mai shayi a bakin tashar Ƙonni, Kaduna na ba da labarin garin da aka ci, mawaƙa na zuga soja. Ban taɓa jin an faɗi yawan yaran da yunwa ke kashewa a bayan shingen da aka yi wa Biyafara ba. Wannan sai a BBC.

Kada wani ya ɗauka can ɗaya ɓangaren aljanna ce. Ojukwu ya nemi yardar wata majalisar tuntuɓa ta sarakuna da dattawa kafin shela, daga nan iko ya tattaru a hannunsa fiye da yadda ya tattaru a hannun Gowon. Ma'aikatu suka koma hukumomin gaggawa na abinci da mai da sufuri da farfaganda, kowacce shugabanta na amsa wa shi kai tsaye. Masana suka ƙera nakiyoyi da tace mai a daji, aka ɗauki wani kamfani a Janeba yana yaɗa hotunan yunwa a Turai. Duk garin da ya faɗi sai a ce maƙarƙashiya ce, aka shiga farautar 'yan zagon ƙasa, abin da ya fi cin ƙananan ƙabilu. A Satumban 1967 aka harbe Victor Banjo da Emmanuel Ifeajuna da wasu biyu a Inugu. Da maza suka ƙare aka koma kamen samari a hanya. Ƙasar da ke raguwa kullum, tsoro ne ke mulkinta, kuma ba wanda ya isa ya ce wa shugaba lokacin sulhu ya yi.

Mu a Ƙonni ba baƙin wannan ba ne, don mun ɗanɗani namu tun kafin na Najeriya, ko da yake bai kai girman yaƙin basasa ba. An haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, RDA ta Diori Hamani ta zama ita kaɗai, giwar RDA ta kori raƙumin Sawaba. A ƙarshen 1964 'yan Sawaba da suka sami horo a waje suka shigo da makamai ta kan iyakoki, har da tamu. A farkon Oktoba aka kashe ɗaya daga cikin jagororinsu, Dandouna Aboubakar, a nan yankin Ƙonni, aka kai gawarsa Yamai aka baje ta a fili, a cikin watan kuma aka harbe wasu huɗu a bainar jama'a. Ina ɗan shekara goma. Abin da na riƙe shi ne 'yan banga na jam'iyya da kwari da baka suna kwana a bakin gari, da umarnin da aka ba masu unguwa cewa duk baƙon da ya sauka a kai sunansa. Uwata ta hana mu ambaton kalmar sawaba ko da a ma'anarta ta sauƙi. Bayan an jefa wa Diori gurneti a filin idi ranar 13 ga Afrilun 1965, kame ya ƙaru. Mulki ya taƙaita ga shugaban ƙasa Diori da shugaban majalisa Boubou Hama da ministan cikin gida Diamballa Maïga, sarakuna na riƙe ƙauyuka, sojan Faransa na tsaye a baya. A nan farar hula ne suka yi, ba soja ba, amma kayan ginin iri ɗaya ne.

Diorin nan kuwa shi ya tsaya wa Gowon. Faransa ta Janar de Gaulle na tura wa Biyafara makamai ta Gabon da Kwaddebuwa, amma Diori ya ƙi bin ta, don ya san gyaɗar gabashin Nijar ta jirgin ƙasan Kano take fita, ya kuma san jama'arsa da ta Arewacin Najeriya uwa ɗaya ce. A Yulin 1968 ya karɓi kwamitin sulhu na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Yamai, ƙarƙashin Sarki Haile Selassie. Gowon ya zo, Ojukwu ma ya zo bayansa. An yi ta jayayya kan hanyar da abincin agaji zai bi, ba a daidaita ba, yara suka ci gaba da mutuwa har wata goma sha takwas.

Ranar 15 ga Janairun 1970 Philip Effiong ya miƙa wuya a Barikin Dodan, Ojukwu ya riga ya tsere Kwaddebuwa. Yawancin masu ƙiyasi na cewa waɗanda suka mutu sun kai miliyan ɗaya ko fiye, galibi da yunwa. A nan ina cire wa Gowon hula. Ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, bai kafa kotun ramuwa ba, bai rataye kowa ba, abin da ba kasafai ake gani ba bayan irin wannan yaƙi. Ba mugun mutum ba ne, kuma wannan ne ya sa labarin ya fi ba ni tsoro, don ko a hannun mai sauƙin hali ginin aikinsa yake yi. Mutanen Gabas da suka kai kuɗin Biyafara banki, fam ashirin aka ba kowa, komai yawan abin da ya kai. Da na karanta wannan na ga asarar babana ƙarama ce.

An ce dokokin nan na lokacin yaƙi ne. Yaƙi ya ƙare, ba a kwance ko ɗaya ba. A Afrilun 1970 Kotun Ƙoli ta yi ƙarfin hali a shari'ar Lakanmi, ta ce soja ba su da ikon ƙwace dukiyar mutum da doka ba tare da shari'a ba. Cikin makonni aka fitar da Doka ta 28 ta soke hukuncin, ta kuma rufe ƙofar gaba ɗaya. A Oktoban wannan shekara Gowon ya ce zai miƙa mulki a 1976, a Oktoban 1974 ya ce wannan ba mai yiwuwa ba ne. Kuɗin mai ya yi ambaliya, gwamnoni sun daɗe a kujera har sun manta da tashi. Ranar 29 ga Yulin 1975, yana taro a Kampala, yaransa na yaƙi suka sauke shi. Murtala, Obasanjo, Buhari, Babangida, Abacha, duk hafsoshin wannan yaƙin ne, kuma in ka cire shekara huɗu na Shagari da 'yan watannin mulkin farar hula na 1993, su da ire-irensu suka riƙe Najeriya har 1999. A wajenmu ma, da Seyni Kountché ya kifar da Diori ranar 15 ga Afrilun 1974, sunan da ya ba majalisarsa shi ne Majalisar Ƙoli ta Soja. Ya saki fursunonin Sawaba, Djibo Bakary ya dawo gida, shekara na zagayowa ya kulle shi.

Babana bai karanta ko ɗaya daga cikin dokokin nan ba, amma ya ɗauki nasa darasin. Tun daga 1968 bai ƙara barin kuɗin Najeriya ya kwana biyu a hannunsa ba. In ya ci kasuwar Illela ran Lahadi, kafin Laraba ya mai da kuɗin awaki ko tumaki, ya kai wa wani Bafillace abokinsa kiwo wajen Illela tamu ta Nijar. Da aka koma naira a 1973 ko a jikinsa. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin naira, ta ba da ƙasa da mako biyu, ta rufe iyakoki don kada kuɗin da ke waje su dawo. 'Yan kasuwar Ƙonni da yawa suka durƙushe. Na zo daga Malbaza na same shi a zaure, ya tsufa, yana jan carbi. "Wanga karon ba su same ni ba," ya ce, har da murmushi.

Damina ta zo ba ruwa. Iyaka ta ci gaba da zama a rufe har Maris na 1986, garin rogo da masarar da kan cece mu daga kudu suka yanke, sai abin da aka sato ta daji da dare. Yunwar da aka yi a wannan shekara har yau El-Buhari ake ce mata a ƙasarmu. Ciyawa ta ƙare, dabbobi suka fara faɗuwa, kowa ya kwaso nasa zuwa kasuwa, ba mai saye. Ni na raka shi ran Laraba da awaki tara da suka rage, ƙasusuwansu a waje, muna tafe muna ɗaga wadda ta durƙusa. Da la'asar muka dawo da igiyoyin a hannu da hatsin da bai cika buhu biyu ba, ya aza ɗaya a kaina, ya ce in bi ta bayan gari don kada maƙwabta su gani.